Ɗaki Na Sha Biyu

A jikin kantar masaukin akwai wata takarda da aka liƙa tun shekarar da aka buɗe wurin. Rana ta cinye launinta, amma rubutun yana nan: "Ɗakunanmu duk ɗaya ne." Uwar masauki takan nuna ta da gindin biro idan baƙo ya fara tsirfa. Ba ƙarya aka rubuta ba. Kowane ɗaki gado ne da tebur da kujera, da fankar da ke kuka iri ɗaya. Abin da takardar ta yi shiru a kansa shi ne inda kowane ɗaki ya faɗo.

Ɗakunan goma sha biyu ne. Shida suna saman bene, barandarsu tana kallon tafki. Shida suna ƙasa ta baya, a jere, suna kallon inda ake ajiye motoci. Na ƙarshen layin, wato na sha biyu, ko motocin bai samu ba. Tagarsa katangar ɗakin wanki take kallo, injin da ke tura ruwa sama kuma a jikin bangonsa aka kafa shi, yana tari duk sa'ad da wani ya buɗe famfo a bene.

Shekara tara ke nan iyalin Hedimasta suna zuwa nan hutun kwana uku. Mutumin ya daɗe da yin ritaya, sunan ne ya ƙi yi. Tun zuwan farko a na sha biyu yake sauka, domin a wancan karon shi kaɗai ya rage a ƙasa, matarsa kuwa ba ta iya hawan bene. Bayan Allah ya yi mata rasuwa bai sake ɗaki ba, ba a kuma sami mai ƙarfin halin tambayarsa dalili ba.

Sauran makullan Gwaggo ce ke raba su. Ita ce yayar Hedimasta, kuma tun ranar rasuwar ta naɗa kanta uwar Auta ba tare da an kira taro ba. A danginsu ba a gaya wa mutum matsayinsa da baki. Makulli ake miƙa masa. Akwai surukar da ta taɓa mayar wa Gwaggo magana, ta yi shekara biyu tana kallon motoci.

Bana an ƙaru da baƙi biyu, dukansu saboda Auta.

Auta ita ce ƙaramar 'yar Hedimasta, malamar lissafi, shekararta ashirin da bakwai, kuma ita kaɗai ta rage tare da shi a gida. Shekara biyu tana faɗar magana ɗaya: Mai Agogo take so. Shekara biyu Gwaggo tana ba ta amsa ɗaya: mutumin da rumfarsa ba ta kai girman kabad ba, a ƙarƙashin matakalar wani kanti, ba za a kira shi suruki a gidansu ba, alhali ga Injiniya, ɗan ƙawarta, yana jira da mota da ladabi.

An yi kuka, an yi gaba ta wata guda, an turo dattawa sun sha shayi sun tafi. Daga ƙarshe Hedimasta ya yanke hukunci irin na makaranta.

"Ban taɓa ba ɗalibi maki ban gan shi a aji ba," in ji shi. "A zo da su duka biyun, in gan su da idona. Ranar komawa zan yi magana."

Ranar isowa, tun ba a gama sauke jakunkuna ba, Gwaggo ta tsaya a gaban kanta da makullai a tafin hannu kamar mai rabon gado. Injiniya ya matso kusa da ita. Mako guda kafin nan ya bugo waya har sau uku, ya tambayi inda rana ke fitowa, da inda iska ke kaɗawa, da nisan kowane ɗaki daga kicin. Ya zo da sakamakon bincikensa.

"Baba," ya ce wa Hedimasta, ya ɗan rusuna ya miƙa masa makullin da Gwaggo ta ba shi, "na ɗaya ne naka. Saman bene, can ƙurya. Babu ƙarar inji, babu hayaƙin kicin, tafkin gaba ɗaya a gabanka. Bai dace a ce mutum kamarka yana kwana a bayan ɗakin wanki ba."

Hedimasta ya juya makullin a hannunsa, ya shafa lambar da babban yatsa.

"Na saba da nawa."

"Sabo da wahala ba ibada ba ne," in ji Gwaggo. "Yaro ya yi maka gata, ka sa masa albarka."

Ya sa masa albarka. Mutum ba ya ƙin alheri a gaban jikokinsa sai da dalili, Hedimasta kuwa bai kawo ko ɗaya ba.

Injiniya ya sami na biyu. Gwaggo da Auta suka ɗauki na uku. Aka bi layi har makulli ɗaya ya rage. Gwaggo ta riƙe shi da yatsu biyu, ta miƙa wa Mai Agogo ba tare da ta dube shi ba.

"Ga naka. An ce ka saba da matsattsen wuri."

"Na gode, Gwaggo."

"Ɗakunan duk ɗaya ne," uwar masauki ta ce, ta nuna takarda. Babu wanda ya kalli takardar.

Auta ta tare Mai Agogo a hanyar baya, ta yi kamar tana neman wani abu a jakarta.

"Ka yi haƙuri. Kwana uku ne."

"Haƙurin me? Ɗakin da Baba ya yi shekara tara a ciki aka ba ni. Ni aka yi wa gatan, su ne ba su lura ba."

"Ka dai riƙe bakinka. Ko me ta ce, ka ce na gode."

"Shi ne sana'ata ta biyu," in ji shi.

Kafin yamma uwar masauki ta ji labarin sana'arsa ta farko, gyaran agogo. Ta sauke agogon bangon ɗakin cin abinci, wanda ya tsaya a kan huɗu da minti goma tun kakar da ba ta tuna ba, ta kai masa ɗaki.

Washegari da safe Injiniya ya ɗauki kujera ya kai barandar na ɗaya, ya zauna yana yi wa Hedimasta bayanin tafkin kamar shi ya haƙa shi.

"Ka ga kwale-kwalen masunta, Baba? Bakwai ne. Wanne ya fi burge ka?"

"Wanne ka ce ya fi sabunta?"

"Mai jan fentin can."

"Shi nake kallo," in ji Hedimasta.

Gwaggo, da ke leƙowa daga barandarta, ta taɓa Auta da gwiwar hannu. "Kin ga yadda jininsu ya haɗu?"

Bayan abincin rana kowa ya watse ya kwanta. Mai Agogo ya koma na sha biyu, ya ja tebur kusa da taga inda ɗan hasken ke shigowa, ya maƙala gilashin aikinsa a ido, ya buɗe cikin agogon bango. Ƙofar ɗakin tana da halinta: ko an kulle, idan aka ɗan ɗaga ta sama aka tura sai ta buɗe. Shi kansa sai da ya yi kokawa da ita kafin ya gane.

Sai ya ji an ɗaga ta, an tura.

Hedimasta ne. Bai yi sallama ba, domin mutum ba ya yi wa ɗakinsa sallama. Ya cire hula ya rataye a ƙusar bayan ƙofa ba tare da ya laluba ba. Taku uku ya kai gado, ya zauna, ya sauke numfashi irin na wanda ya daɗe a tsaye. Ya naɗe ƙafar wandonsa. A ƙwaurinsa akwai ƙujewa biyu, ɗaya ta bushe, ɗaya sabuwa.

"Matakala sha bakwai," ya ce wa kansa. "Jiya sha shida na ƙirga. Ko dai na kwanar nan ce nake mantawa."

Ya ɗaga kai ya kalli taga. Tsakaninsa da Mai Agogo bai fi taku huɗu ba, da rana tsaka, fuska da fuska. Idonsa ya bi ta kan saurayin ya wuce, kamar yadda ido ke wuce labule.

Mai Agogo ya zare gilashin daga idonsa a hankali. Ya yi tunanin ya yi shiru har tsohon ya tashi, sai ya ga wannan sata ce.

"Barka da hutawa, Baba."

Tsohon bai zabura ba. Shekara talatin yana shiga aji bagatatan, ya san yadda ake riƙe fuska. Ya sauke ƙafar wandon, ya gyara zama.

"Na zo duba yadda kake riƙe ɗaki ne. Ɗakin mutum shi ne takardar shaidarsa."

"Haka ne, Baba."

"Ba laifi. Da tsabta."

Jakar Mai Agogo tana buɗe a tsakar ɗaki, riga a kan kujera, takalmi ɗaya a gabas ɗaya a yamma. Injin ruwa ya yi tari ya lafa.

"Me ka gani?" Hedimasta ya tambaya.

"Ban ga komai ba, Baba."

"To, mun zama mu biyu."

Ya yi 'yar dariya marar sauti, sannan ya faɗi maganar a jere, kamar mai karanta rahoton ƙarshen zango. Shekara biyu ke nan abin ya fara. Da farko rubutun jarida ne ya gudu, sai ya ce jaridun yanzu ba su da abin karantawa, ya koma rediyo. Sannan fuskoki suka gudu, sai ya koyi muryoyi. A gida ya san inda kowace kujera take. A nan ma ƙafarsa ta san hanya: daga ƙofar ɗakin cin abinci, hannu a jikin bango, taku arba'in, ƙofa ta ƙarshe. Yau ya tashi daga tebur da niyyar hawa bene, ƙafar ta yi nata ra'ayin.

"Likita fa?"

"Na je ni kaɗai. Ya ce a yi haƙuri. Na ce masa ni na koyar da haƙuri shekara talatin."

"Auta ya kamata ta sani, Baba. Matakalar nan gefe ɗaya ba ta da abin riƙewa."

"Auta ba za ta sani ba." Muryar ta koma ta ofis. "Ka san ta ko ba ka san ta ba? Ran da ta ji, ta gama aure. Ba kai ba, ba mai tafkin can ba. Za ta zauna ta zama sandata har ta tsufa, ta kuma ce ita ta zaɓa. Yaya kuwa za ta kwaso kayanta ta tare a gidana, ta riƙa yanka mini nama ƙanana. Ka yi mini alkawari."

"Baba…"

"Ba roƙonka nake yi don in biya ka da 'yata ba. Kada ka sa wannan a ranka. Makinka daban, wannan daban."

"Ban sa ba. Na yi alkawari."

Tsohon ya tashi, ya ɗauki hularsa daga ƙusa. A bakin ƙofa ya tsaya, ya ɗan shafa bangon ɗakin da tafin hannu, yadda ake shafa wuyan dabbar da aka sayar.

"Saura hawa huɗu da sauka huɗu," ya ce. "Na lissafa."

Da la'asar aka fito da kujeru ƙarƙashin bishiya aka kawo shayi. Dangi duk suna nan, yara suna jifan ruwa da tsakuwa. Mai Agogo ya ajiye kofinsa bai sha ba. Mutum ne da bai taɓa yin rashin kunya ba, saboda haka da ya tashi yi sai ya yi ta kamar mai karanta wasiƙar wani.

"Gwaggo, ina da ƙorafi."

Gwaggo ta juyo gaba ɗaya, abin da ba ta taɓa yi masa ba.

"Ɗakin da aka ba ni bai yi mini ba. Injin nan ya hana ni barci. Taga kuma katanga take kallo. Gayyato ni aka yi, ba ni na kawo kaina ba. Ina son ɗakin da ke kallon ruwa."

Cokalin Auta ya tsaya a cikin kofi.

"Ikon Allah," in ji Gwaggo, a hankali, kamar wadda aka kawo wa kyautar da ba ta zata ba. "Saman ya cika, ranka ya daɗe. Ko a gina maka wani kafin magariba?"

A nan ne Injiniya ya ɓata lissafin, kuma da kyakkyawar niyya ya ɓata shi.

"Ba komai, Gwaggo. Ya ɗauki nawa. Ni ko a mota zan iya kwana."

Aka yi ta sa masa albarka. Mai Agogo ya kalli ƙasa. Ya riga ya shiga ruwa har gwiwa, babu amfanin tattare wando.

"Na biyu bishiya ta tare rabin tafkin," ya ce. "Na ɗaya nake so."

Har yaran suka daina jifa.

"Na Baba?" Auta ta ce.

"Shi ne ya fi kyau. Injiniya ya bincika."

Gwaggo ta tafa hannu sau ɗaya, ta riƙe haɓa. "To, jama'a, ku zama shaida. Ba a ba shi 'yar ba tukuna, gadon uban yake nema. Ran da aka ba shi, sai mu kwashe kayanmu mu koma titi."

Kowa ya juya wajen Hedimasta. Ya daɗe yana juya kofi a hannunsa. Babu wanda ya iya karanta fuskarsa, ko da yake wani jikansa ya ce daga baya ya ga gefen bakin Kaka yana rawa.

"Yaran zamani," in ji shi daga ƙarshe. "A zamaninmu baƙo inda aka ajiye shi nan yake kwana, ko a kan buhu ne. Amma ba za a ce an zo wurina an roƙi abu na hana ba." Ya zaro makulli daga aljihu ya ajiye a kan tebur. "Ɗauki. Yaya, a sauko mini da jakata."

"Haba, Hedimasta. Ka biye wa wannan?"

"Na biye masa. Ina son in ga iyakarsa."

Auta ta sami Mai Agogo a bayan ɗakin wanki, tsakanin igiyoyin shanya, yana ɗauke da jakarsa da agogon bango a hammata. Ta riga ta fara kuka tun kafin ta iso, saboda haka ba ta ɓata lokaci ba.

"Shekara biyu," ta ce. "Shekara biyu ina tsaye a gaban matar nan ina cewa ba ta san ka ba. Na ce mata kai mutum ne da idan aka taka ka, kai ne za ka ba da haƙuri. Wata guda ba ta amsa gaisuwata ba. Yayyena sun ce asiri ka yi mini. Duk na shanye. Abu ɗaya na roƙe ka, ka riƙe bakinka kwana uku. Kwana ɗaya da rabi ka iya."

"Na sani."

"Ka sani. To gaya mini abin da ban sani ba. Wani ne ya zage ka? Injiniya ne ya faɗa maka magana a ɓoye? Faɗa mini, yanzu in je in same shi."

"Bai ce mini komai ba. Mutumin kirki ne."

"Kada ka yabe shi a gabana. Injin ne da gaske? Kai da kake aiki a ƙarƙashin matakala, mutum ɗari suna taka kanka kullum, injin ruwa ne zai hana ka barci?"

Ya kawar da kai.

"Dube ni. Ka san ɗakin nan da ka raina? A nan Mama ta yi hutunta na ƙarshe. A bakin tagar nan take zama tana cewa katangar ta fi tafkin hankali, ba ta sa mutum sanyi. Jiya da ka ce an yi maka gata, na shiga banɗaki na yi kuka don daɗi. Ashe magana ce kawai."

"Ba magana ba ce kawai."

"To mece ce? Ka ba ni dalili ɗaya, ko na ƙarya ne, in riƙe. Ni malamar lissafi ce, ba na son amsa babu aiki. Nuna mini yadda ka yi ka kai nan."

Ya gyara agogon a hammatarsa.

"Ba zan iya ba, Auta."

"Ba za ka iya ba, ko ba ka so?"

"Ba zan iya ba."

Ta goge fuska da gefen mayafi, ta tsaya har numfashinta ya daidaita. Da ta sake magana, muryar irin ta ubanta ce.

"Gobe Baba zai yi magana. Duk abin da ya faɗa, ba zan buɗe baki ba. Na gaji da kare mutumin da ban sani ba."

Ta tafi. Shi kuma ya hau bene, yana ƙirga matakala ba da niyya ba. Sha bakwai ne. Ya shiga ɗaki mafi kyau a masaukin, ya ja labule ya rufe tafkin, ya zauna ya ƙarasa agogon mutane.

Da safen komawa aka taru a ɗakin cin abinci, jakunkuna a bakin ƙofa. Agogon ya koma bangonsa yana tafiya, uwar masauki tana ta kallonsa kamar ɗan da ya dawo daga tafiya. Gwaggo ta sa mayafinta na zuwa biki. Hedimasta ya shigo shi kaɗai, hannu a jikin bango kamar mai duba fenti, fuskarsa ta wanda ya yi barci.

Ya zauna a gaban tebur, ya yi gyaran murya.

"Injiniya."

"Na'am, Baba."

"Ladabi, tara bisa goma. Kyauta, goma. Ban sami abin da zan ja maka jan biro a kai ba. Jiya da safe kwale-kwale nawa ka nuna mini?"

"Bakwai, Baba. Har ka ce mai jan fentin kake kallo."

"Na faɗa. Ban ga ko ɗaya ba."

Injiniya ya yi murmushi, yana jiran ƙarshen barkwancin.

"Rabona da ganin tafkin nan shekara biyu. Fari kawai nake gani, kamar an shanya zanin gado. Yaya, na san kin sa mayafin biki domin na ji ƙamshin akwati. Auta, na san kina hagu da ni domin ke kaɗai ce ba kya motsi. Iyakar ganina ke nan."

Ya naɗe ƙafar wando ya nuna musu ƙwaurinsa, a gaban surukai da jikoki, shi da bai taɓa fitowa falo babu hula ba.

"Wannan aikin ɗaki na ɗaya ne. Ba laifin Injiniya ba ne. Ya ba ni ɗakin masu ido, domin abin da na nuna masa ke nan. Shekaranjiya da jiya na faɗi sau biyu. Jiya da rana ƙafata ta kai ni na sha biyu, wancan yaron ya gan ni yadda nake. Na sa shi ya yi alkawarin ba zai faɗa ba. Bai faɗa ba. Sai ya tashi a gaban mutanen da yake neman yardarsu, ya zubar da mutuncinsa a ƙasa don in taka in sauko. Ban roƙe shi ba. Ban ma yi tunanin dabarar ba, ni da ake cewa ina da wayo." Ya sauke wandon. "Na kwana ina lissafi. Idan na yi shiru, na ci amanar wanda ya riƙe tawa. Shi ya sa kuka ji."

Auta ta zame daga kujera ta durƙusa a gefensa, ta riƙe hannun rigarsa.

"Baba, shekara biyu? Ina gidan?"

"Kina gidan. Na fi ki iya ɓuya, ni na rene ki."

"To ba inda za ni. Babu maganar aure. Wa zai…"

"Kun ji ta?" Ya juya wajen da yake zaton Mai Agogo yake. "Na gaya maka. Ko minti ɗaya ba ta yi ba." Ya dafa kanta. "Ban kai ki makaranta don ki zama sanda ba. Sanda ana sayarwa a kasuwa. Za ki yi aure, ki riƙa zuwa kina karanta mini jarida, in riƙa gyara miki karatu. Wanda ya san inda tsoho ke tuntuɓe ba zai kai ki nesa da shi ba."

Injiniya ya miƙe. A faɗi gaskiya, ya yi abin da ya dace: ya ce Allah ya sanya alheri, ya ce ya san wani likitan ido da ya kamata a gwada, sannan ya fita duba tayar motarsa, wadda babu abin da ya same ta.

Auta ta ɗago ta dubi Mai Agogo ta cikin hawaye.

"Da ka ba ni ko na ƙarya ne."

"Ba na iya ƙarya biyu a rana ɗaya," in ji shi.

"Kai, zo nan," Hedimasta ya ce, ya miƙa hannu.

Hannun ya nufi wani ginshiƙi. Mai Agogo yana can gefe, taku biyu daga inda aka nuna. Bai ce ga ni nan ba. Ya matsa a hankali, ba tare da takalminsa ya yi ƙara ba, ya durƙusa daidai inda hannun yake, har tafin ya sauka a kafaɗarsa kamar dama can nan aka nufa.

"Na bar hulata ta biyu a ƙusa," in ji tsohon. "Taku arba'in ne, na san hanya. Amma raka ni."

Suka fita, Auta a bayansu.

Gwaggo ta miƙe. Ta tattara makullan ɗaya bayan ɗaya, ta kai kanta, ta zube su. Idonta ya yi ja, amma ta ce hayaƙin kicin ne.

"Har yanzu dai rumfa gare shi," ta ce wa uwar masauki, wadda ba ta tambaye ta ba. Ta ɗan tsaya. "Baɗi ki ajiye masa na sha biyu, kada ki ba kowa. Na sha ɗaya kuma na yaran nan ne. Ni ki sa ni a na goma."

"Duk a ƙasa, Hajiya? Wa ya yi laifi?"

"Rubuta dai."

Uwar masauki ta rubuta. Sannan, bisa sabo, ta juya gindin biro wajen takardar da ke jikin kanta.

"Ai ɗakunan duk…"

"Na karanta," in ji Gwaggo.